'Yan Bas na Biyu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da katafilarka. Mu nan lafiya lau, sai 'yan biyu da suka yi mura a jere, ɗaya na warkewa ɗaya na ɗauka. Babansu yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko madatsar ruwan da kuke ginawa za ta ƙare a zamaninmu, ko kuwa sai jikoki.

Bayan haka, albishirinka. An naɗa 'yarka Lauya shugabar ƙofa a makarantarmu. Tun ranar da ka kawo mini ita bayan rasuwar mahaifiyarta na ce yarinyar nan sai ta riƙe wani abu, ga shi ta fara da makulli. Aikinta shi ne in an buga ƙararrawar safe ta rufe ƙofa, duk wanda ya zo bayan nan ta miƙa masa tsintsiya ya share filin makaranta har darasin farko ya ƙare. A ajinsu na ƙarshe darasin farko kullum lissafi ne, domin Malamin Lissafi ya rantse cewa lissafi da sanyin safiya yake shiga kai. Kada ka ce hannuna ne. Ka san ina cikin kwamitin ladabtarwa, saboda haka da aka zo zaɓe bakina na kama.

Abin da ya fi wannan kuma, akwai wata gidauniya da ke ɗaukar ɗalibi guda daga makarantarmu kowace shekara, ta biya masa komai na jami'a. Sharaɗinsu biyu ne: sakamako mai kyau, da fayil ɗin da babu tabo a ciki. A bana duk ɗakin malamai ya san Lauya ce a gaba.

Sunan da ka laƙaba mata dai bai tashi a banza ba. Makon jiya a darasina na ilimin zaman ƙasa na tambaye su mene ne adalci tsakanin al'umma. Suka yi ta zuba, wani ya ce a raba komai daidai, wani ya ce a daina dukan 'yan ƙananan aji. Na ce musu adalci shi ne doka ɗaya ga kowa, ɗan Shugaban Makaranta da ɗan Maigadi tsintsiya ɗaya. Sai wata yarinya daga unguwar ƙetaren gada, wadda suke kira Shiru-Shiru don ba a cika jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in dokar ɗaya ce, me ya sa kullum mutane ɗaya take kamawa?" Na ce don kullum su ne masu latti. Aji ya kwashe da dariya, ban da 'yarka. Har muka isa gida tana ja mini ƙarar.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Kwanan nan ba ta biyo ni in an tashi, sai can da yamma ta shigo da ƙura har gira, ta ce aikin ƙofa ne ya riƙe ta. Zan sa ido.

Direban motar kayan abincinku yana jira a waje, bari in tsaya nan.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Malama,

Na ga takardarki, na kuma gode. Ina lafiya, sai ciwon bayan nan da ya zama ɗan gida. Ki gaya wa Baban 'yan biyu madatsa za ta ƙare ranar da ya gyara famfon bayan gidanku.

Maganar gidauniya na karanta ta har takardar ta fara laushi. Ke kin san abin da ya zaunar da ni a dajin nan da ko sabis ɗin waya babu: kuɗin jami'ar yarinyar nan. Kwantiragina zai ƙare ƙarshen shekara, kuma Injiniya ya riga ya ajiye mini sabo a tebur. Na ce masa ya dakata tukuna. In Allah ya sa ta samu, ba zan sa hannu ba, gida zan dawo in nemi ɗan aiki kusa da ku. Na gaji da ganin 'yata a hoto, Malama. Da na tafi tana kai mini kafaɗa, yanzu an ce ta fi ki tsawo, ko da yake wannan ba abin alfahari ba ne.

Amma ƙarshen takardarki ya hana ni barci. Budurwa ta daina biyo goggonta, ta dawo da yamma, ta ce aiki? Ƙofar da ake rufewa da safe wane aiki take da shi da yamma? Ruwa ba ya tsami banza. In wani ɗan samari ne yake tare ta, ki faɗa mini kai tsaye, kada ki ɓoye mini a tsakanin layuka kamar yadda ku malamai kuka iya. Ni na san yaran yanzu, na ga irinsu a nan, gashi a tsaye kamar burushi.

Batun adalci kuma, ki rage zuba musu shi da yawa, kada ya fi ƙarfin cikinsu. Mu nan in an buga ƙarfen abinci, mu da ke aiki kusa da kicin mu ne da nama, masu haƙa a can ƙarshen rami kafin su iso sai romo da ƙashi. Ba wanda ya taɓa kai ƙara. Haka duniya take, wani a kusa, wani a nesa. Ta yi karatunta, ta rufe ƙofarta, ta karɓo mana tallafin nan.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Muna lafiya, da fatan bayanka ya yi sauƙi. Ka kwantar da hankalinka, ba saurayi ba ne. Da ma shi ne, da na san yadda zan yi da shi.

Ranar Litinin a taron malamai, Malamin Lissafi ya miƙe yana murna. Ya ce a yaba wa kwamitin ladabtarwa, tsananinmu ya yi amfani, domin a 'yan makonnin nan yaran ƙetaren gada sun daina latti kwata-kwata. Kullum suna ajinsa tun daga farko, kuma makinsu ya tashi, har Shiru-Shiru ta zo ta biyu a gwaji. Aka yi tafi, ni ma har da gyara zama. Maigadi ya shigo kawo wa Shugaba makullin sito, ya ji zancen, sai dariya ta kufce masa. Shugaba ya tambaye shi abin dariya. Bawan Allah ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai bas ɗinsu bai canja lokaci ba."

Ga yadda abin yake. Bas biyu ne ke ƙetaro gada da safe. Na farko 'yan kasuwa ke cika shi da buhunansu tun daga tasha, yaro ko ya kwana a bakin titi ba zai samu wurin sa ƙafa ba. Na biyu kuma yana isowa ne jim kaɗan bayan ƙararrawa. 'Yarka ta je ta gani da idonta, sai ta yanke hukuncinta ita kaɗai. In ta rufe ƙofa, 'yan latti na cikin gari ta ba su tsintsiya kamar kullum. In bas na biyu ya sauke nasa, ta buɗe ƙaramar ƙofa su wuce aji. Da yamma bayan an tashi su dawo su share filin gaba ɗaya, ita ma da tata tsintsiyar a cikinsu. Ƙurar da nake gani ke nan. Fili kullum tsaf, shi ya sa babu wanda ya farga.

Shugaba ya fusata ƙwarai, ina jin tafin da ya yi ne ya fi yi masa ciwo. Ya ce shugabar ƙofa ta ci amana, ta mai da malamai abin dariya, ya miƙa maganar ga kwamiti. Mu uku ne. Mataimakin Shugaba ya riga ya ce a tsige ta a rubuta a fayil. Malamin Lissafi ya ce shi ba zai hukunta wadda ta cika masa aji ba. Saura ni. Na nemi in janye tunda 'yata ce, aka ce in na janye Shugaba ne zai raba gardama, shi kuwa an san inda ya dosa.

Kana iya cewa ai sai in ce a yafe, shi ke nan. To ka tuna da yaron da ya riƙe ƙofa bara, wanda na ba ka labarinsa. Abokansa ya riƙa shigarwa, aka kama shi, kuma ni ce na fara cewa a tsige shi. Shi ma a lokacin yana layin tallafin nan. Uwarsa, mai wankau ce, ta zo har ɗakin malamai ta durƙusa tana kuka, na ɗaga ta na ce, "Baba, ki yi haƙuri, doka ba ta san fuska ba." Yanzu yaron yana wankin mota a kan hanyar da nake bi kullum, yana gaishe ni kuwa. In na ɗaga wa Lauya ƙafa, da wane ido zan amsa gaisuwarsa? In kuma ban ɗaga ba, na san abin da na yi maka. Gaba kura, baya sayaki.

Na roƙi a jinkirta zaman har direbanku ya je ya dawo. Ka rubuto mini, ko layi biyu ne.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Na yi ta aike tasha, ba direba, ba takarda. Na ɗauka fushi kake yi, ka bar ni da abin da na ɗebo. In haka ne ban ga laifinka ba.

Shugaba ya ƙi ƙara jinkiri domin gidauniya na jiran suna. An yi zama jiya.

Kafin nan na zaunar da ita a kicin, tana tsince shinkafa ina yanka albasa, don kowa ya samu abin kallo. Na ce, "Lauya, me ya hana ki zo ki gaya mini?"

Ta ce, "Na gaya miki, Goggo, a hanya, ranar darasin nan. Kika ce su riƙa tashi da wuri."

Na ce, "Amma kin san amana aka ba ki. Wa ya naɗa ki alƙali? Yau ke kin ga 'yan bas sun cancanta, gobe wani ya riƙe ƙofa ya ga 'yan unguwarsu ne suka cancanta. Ina za a tsaya?"

Ta ce wannan gaskiya ne, ita ma ta yi tunaninsa. Ta ce amma ba yafe musu ta yi ba, sharar da doka ta ce sun yi ta, lokacinta kawai ta matsar. Sai ta ɗago kai ta ce, "Goggo, in yi tambaya ba za ki yi fushi ba? Me ya sa ba ki da darasin farko ko rana ɗaya?"

Na ce ai ta sani, sai na kai 'yan biyu makarantarsu.

Ta ce, "To ke ma 'yar latti ce. Naki lattin dai an rubuta shi a jadawali, kuma ta ƙofar malamai kike shiga."

Yaya, da wata ce ta faɗa mini haka da ta sha mari. Na ci gaba da yanka albasa. Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Mu manyan malamai mu muke zana jadawali, kowa ya zagaye uzurinsa, mai kai yara, mai zuwa asibiti, mai nisan gida. Ban taɓa kiran wannan alfarma ba, tsari nake kiransa.

Na ce mata, "To yanzu me kike so in yi?" Ta ce, "In za ki bar ni don ina da gaskiya, ki bar ni. In don ni taki ce, kada ki bar ni." Na kwana ina juya wannan magana, na kasa raba su biyun a zuciyata. Duk lokacin da na ce tana da gaskiya, sai in tambayi kaina ko da yaron bara ne ya zo da wannan hujja da na tsaya na saurare shi. Ban ma tambaye shi su wa yake shigarwa ba, ko daga ina suke. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba.

Na jefa ƙuri'ata tare da Mataimaki. An karɓe makulli, an rubuta a fayil, sunanta ya fita daga tallafi. Na sa an rubuta a ƙarƙashi dalilin da ya sa ta yi, da cewa ba ta amfana da komai ba, amma gidauniya tabo take dubawa, ba ta karanta ƙarƙashi.

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ajiye makullin a tebur ta ce wa Mataimaki, "Na ƙaramar ƙofar yana cijewa, sai an ɗaga shi sama." A gida ta yi kukan, ni ma haka, kowa a ɗakinsa.

Ƙanwarka,
Malama

*

Malama,

Ruwa ne ya cinye hanya, mota ba shiga ba fita, sai yau direba ya iso da takardunki biyu a haɗe. Ta farko na buɗe, kuma ga amsa tun kafin in wanke hannu.

Don Allah, don zumuncin iyayenmu, ki rufa mini asiri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yarinyar nan ba sata ta yi ba, shara ta yi. Yaron bara abokansa ya shigar, ita kuwa bayin Allah ta shigar, wannan daban wancan daban, ko ni da ban yi nisa a boko ba na gane. Ki ce a yi mata faɗa, ki sa ta share makarantar har da rufin, amma kada a taɓa fayil. Ban taɓa roƙonki komai ba tun muna yara a gidan Kaka, lokacin da nake goya ki in ƙetare da ke kwata. Yau na roƙa.

Yanzu na buɗe ta biyun.

Ashe aikin gama ya gama. Ban yage abin da na rubuta a sama ba, ki karanta ki ga abin da kika ƙi jira. Kin ce kin ɗauka fushi nake yi. A tsawon zamanmu yaushe na taɓa yin fushi da ke a shiru? In na yi fushi ai unguwa ce take ji.

Ke kin wanke fuskarki a gaban mai wankin mota, madalla. Da me kika wanke ta? Da shekaruna. Ke kika koya mata adalcin nan a aji, da ta ɗauka da gaske kuma ke kika hukunta ta. Kika ce ita ce ta ce kada a bar ta. Yarinya ce! In ta ce ki jefa ta rijiya sai ki jefa? Naka sai naka, haka muka taso muka ji, ban san a wane littafi aka soke shi ba.

Ki haɗa mata kayanta. In an gama jarrabawa zan sa direba ya kai ta wurin dangin uwarta, su ba su da kwamiti.

Yayanki

*

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ya aiki, ya bayanka? Ina lafiya. Na ga takardarka a kan firij, Goggo ba ta ɓoye ba, ta ce in karanta tunda ni ake magana.

Baba, ka yi haƙuri. Na san abin da na jawo maka, kuma shi ne ya fi komai yi mini ciwo. Lokacin da nake buɗe ƙofar nan ban kawo kwantiraginka a raina ba, da na kawo wataƙila da hannuna ya yi nauyi. Ban sani ba ko da na fasa.

Ka san abin da ya sa na fara? Ni nake miƙa tsintsiya, saboda haka ni nake ganin hannuwan. Kullum su ne. Suna shara a gindin tagar ajinmu suna leƙen allo, Shiru-Shiru har takan rubuta lissafin da yatsa a ƙasa kafin ta share. Ranar gwaji kuma a ba mu takarda iri ɗaya a ce an yi adalci. 'Yan ajinmu sun rabu biyu a kaina. Wasu sun ce na yi daidai. 'Yan cikin gari da na ba tsintsiya sun ce na yi son kai, wata ma ta ce ita ƙannenta take yi wa wanka kafin ta fito, me ya sa nata uzurin bai shiga ta ƙaramar ƙofa ba? Ni bas na gani, ban ga bahon wankanta ba. A nan na gane abin da Goggo take tsoro.

Na yi kwanaki ba na yi mata magana sai gaisuwa. Amma kada ka ce fuskarta ta wanke. Tun ranar ko abincin kirki ba ta ci, kuma ta bi ta kan Shugaba har sai da ya yarda aka juya jadawalin ajinmu. Yanzu darasinta ne na farko, lissafi na biyu. Malamin Lissafi ya yi ta mita wai rana za ta narkar da lissafinsa. Ita kuma sai ta tashi 'yan biyu tun da duhu, muna fita da su suna kuka, ɗaya a hannuna ɗaya a nata. Ranar Laraba duk da haka muka makara. Ni aka ba ni tsintsiya, ita aka ba ta takardar gargaɗi. Muka haɗa ido a fili, dariya ta kusa kashe mu, daga ranar muka shirya.

'Yan bas na biyu har yanzu suna shara da safe, ba a soke ba. Abin da suke rasawa yanzu darasin adalci ne. Goggo ta ce ba komai, sun fi ta saninsa.

Don Allah kada ka aiko direba. Nan nake so in zauna.

'Yarka,
Lauya

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, an gama jarrabawa lami lafiya.

Ba zan kare kaina ba. Roƙonka na karanta shi ya fi a ƙirga, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce da ya iso da wuri da na canja ba. Ban sani ba. Wata rana in tashi ina ganin na yi daidai, wata rana in ga tsoron bakin mutane ne kawai na sa wa riga. Abin da na tabbata shi ne kai ka biya, ba ni ba, kuma wannan ba ya cikin abin da nake koyarwa a aji.

Gara ka ji daga bakina: gidauniya ta ɗauki Shiru-Shiru. Makin lissafinta ne ya ɗaga ta, wanda ta samu a zangon da 'yarka take buɗe mata ƙofa. Ubanta makaho ne, ita take rako shi bakin gada kafin ta hau bas. Ya zo makaranta godiya, yana ta sa wa Shugaba albarka. Lauya tana tsaye a gefe tana ji.

Kayanta ban haɗa ba. In ka ce a haɗa, sai ka sake faɗa.

Ƙanwarka,
Malama

*

Zuwa ga Malama,

Na sami taki da ta Lauya. Ina lafiya, bayan ma ya yi sauƙi, an ba ni wani man shafawa mai warin tsiya.

Ban ce kin yi daidai ba, kada ki karanta haka a tsakanin layuka. Har gobe da ni ne a kujerar nan da na ɗaga wa 'yata ƙafa, in je in ji kunyar mai wankin mota, kunya ba ta kisa. Amma ni na ba ki riƙonta, kuma na ga abin da kika riƙa ya zama mutum. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. A bar kayanta inda suke.

Ku biyun nan kun lalata mini cin abinci. Shekara da shekaru ina cin namana lafiya, yanzu in na ɗaga cokali sai in hango mutanen ƙarshen rami suna tahowa. Shekaranjiya na ce wa kuku ya riƙa raba tukunya biyu, ya rufe ɗaya sai sun iso. Abokan teburina sun daina yi mini magana, wai na rage musu tsoka, ɗaya ma ya ce ko takara zan tsaya. Ki gaya wa Lauya ta zo ta kare ni.

Yarinyar nan Shiru-Shiru, ki ce mata wani direban katafila da ba ta sani ba yana gaishe ta. Ki ce ta yi karatu da gaske, domin kujerar da za ta zauna a kai an saye ta da tsada. In na ji ta faɗi jarrabawa, da kaina zan ƙetaro gadar nan, a bas na farko.

Lauya ta cike takardun jami'a kamar yadda aka tsara, kada ta rage komai. Jiya na shiga ofishin Injiniya na sa hannu, shekara biyu. Ki auna mini tsawonta a jikin ƙofar kicin ki ja layi, in na dawo in ga inda na bari.

Yayanki